Gumin Gilashin Mota a Lokacin Sanyi

Da zarar hunturu ya kankama, wato daga Disamba zuwa Janairu, tafiye-tafiye sukan yi yawa a cikinmu: masu zuwa gida Kirsimeti, masu kai amarya, da ƙungiyoyin zumunta da ke cika bas tun da asuba domin su isa wurin taro da wuri. A irin wannan lokaci ne wani abu da muke rainawa yake damun direbobi. An shiga mota, an zuge gilasai saboda ɗari, ba a yi nisa ba sai gilashin gaba ya yi fari fat daga ciki. Direba ya kunna waifa, a banza, domin gumin ba a waje yake ba. Daga nan sai ka ga ya saki sitiyari da hannu ɗaya yana gogewa da tafin hannu ko da hularsa, mota kuwa tana gudu.

Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin wajen mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa 3 yana guge-guge, ya wuce mita 66 ke nan bai ga hanya sosai ba. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ko kwanonin hawa tsaunin Mambila daga Mayo Selbe zuwa Gembu, ya san abin da mita 66 ke nufi, balle a ce da tirela a gaba ko shanu suna ƙetarewa.

To, daga ina ruwan yake fitowa? Daga jikinmu ne. A kullum iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma gwargwadon ɗuminta, gwargwadon abin da za ta iya riƙewa. Iskar da ta cika wuri mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya da zurfin mita ɗaya tana iya riƙe ruwa kimanin giram 17 idan zafinta digiri 20 ne, amma in ta sauko digiri 10, giram 9 kawai take iyawa. Sauran dole ya sauka a kan wani abu. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a tsakiyar hunturu sanyin dare yakan sauko ƙasa da digiri 10, don haka gilashin motar da ta kwana a waje ya yi sanyi ƙarara. Mutum goma sha huɗu suka shiga bas, kowa yana fitar da numfashi mai ɗumi da laima, ga kular abinci mai zafi a ƙarƙashin kujera, in mata suka ɗauki waƙa kuma abin ya ƙaru. Wannan tururi yana taɓa gilashi sai ya koma ɗigon ruwa ƙanana, daidai yadda kwalbar lemo mai sanyi take gumi idan an fito da ita daga firiji.

Abin mamaki, maganin yana nan a waje kyauta. Iskar hunturu busasshiya ce, ita ce ma take fasa mana leɓe da diddige. Idan aka sauke gilasai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ko da faɗin yatsa biyu ne, iska mai laima za ta fita, busasshiya ta shigo, gilashi ya washe. Matsalar ita ce fasinjoji. Direba yana sauke gilashi sai a hau shi da faɗa, wannan ta ce jariri zai yi mura, wancan ya ce ƙura. A ganinmu a nan direba ne ke da gaskiya. A lulluɓe jariri da bargo, dattawa su ɗaura mayafi, a bar mai tuƙi ya ga gabansa.

Masu motocin da ke da fanka, hita da iyakwandishan sun fi samun sauƙi, in sun san yadda ake amfani da su. A juya iskar ta riƙa bugun gilashin gaba, a ƙara ƙarfin fanka, a kunna hita, sannan a kunna iyakwandishan tare da ita. Mutane da yawa suna ganin wauta ce a kunna na'urar sanyi ana ɗari, amma aikinta ba sanyayawa kaɗai ba ne, tana tsotse laimar da ke cikin iska kafin hita ta ɗumama ta. Akwai kuma wani maɓalli mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta. Shi ne yake hana iskar waje shiga, yana ta juya ta ciki. Direbobinmu sun saba barinsa a kunne saboda ƙura da hayaƙin manyan motoci, alhali shi ne babban mai tara gumi. A kashe shi har gilashi ya washe.

Sai dai motocin Kwatano da yawa sun rasa waɗannan kayan a garejin makanikai. Da hita ta fara yoyo, sai a datse bututunta a ce ai ƙasarmu ba ta sanyi. Wanda ke bin hanyoyin Filato ko Mambila bai kamata ya yarda da haka ba. Idan kuwa ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, gumin gilashin yana da maiƙo, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to hitar ce ke yoyo, gyara take bukata. Haka nan a ɗaga tabarmar ƙasan mota a taɓa. In da danshi, ko dai robar ƙofa ta mutu, ko ɗan bututun da ke zubar da ruwan iyakwandishan ya toshe, kuma muddin ruwan yana nan gumi ba zai daina ba.

Gilashi mai datti ya fi saurin kama gumi, don ƙura da maiƙo ne ɗigon ruwa ke maƙalewa. Shi ya sa gogewa da hannu take ƙara ɓata lamari: maiƙon hannu ya zauna, da dare fitilar motar da ke tahowa ta watsu a kai ta kashe ido. A wanke gilashi ta ciki tun jajibirin tafiya, a ajiye busasshen tsumma mai tsabta wanda ba a goge inji da shi. Siraran layukan da ke jikin gilashin baya wayoyin ɗumama shi ne, kada a kankare su da reza. Da damina kuma, in iyakwandishan ta sanyaya gilashi ainun, gumin yakan fito ta waje. Wannan waifa ce maganinsa, tare da rage sanyin.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: kada a tayar da inji a cikin rufaffen gareji ana jiran mota ta yi ɗumi, kada kuma a shigo da kaskon gawayi cikin mota don jin ɗumi. Dukansu suna fitar da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da barci, tana kuma kisa.

Shugabannin da ke shirya tafiyar ƙungiya su ƙara minti goma a kan lokacin tashi, domin direba ya samu damar washe gilashinsa kafin a ɗaga. In gumi ya taso a hanya, ya nemi wuri mai fili ya sauka gefen titi, ba a kan kwana ba, ya kunna fitilun gargaɗi, ya goge a tsanake sannan a ci gaba.