Yadda ganye ke kare kansa daga ɓarnar hasken rana

Shuka ba ta rayuwa sai da hasken rana, amma idan ya wuce kima yakan zame mata guba. Da tsakar rana koren sinadarin ganye, wato kolorofil, yana kama ƙarfin da ya fi wanda shuka ke iya sarrafawa. Idan rarar ta faɗa kan iskar oksijin, sai iskar ta rikiɗe ta zama mai ƙuna, ta lalata furotin D1, ginshiƙin haɗa abinci a ganye.

Garkuwar ita ce karotinoyid, dangin sinadarin da ya ba karas launinsa. Cikin mintuna kaɗan ganye kan samar da wani nau'insa, ziyazantin, wanda ke taimakawa wajen zubar da rarar a matsayin zafi.

Sai dai garkuwar na da nawar sauka. Gajimare na rufe rana, shuka ta ci gaba da zubar da hasken da take buƙata, manomi kuwa shi ke asara. A 2016 masana a Jami'ar Illinois ta Amurka sun hanzarta saukarta a shukar taba, girmanta ya ƙaru da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Wake da rogo na cikin amfanin gonar da binciken ya sa a gaba.