Taro Bai Tashi Ba Sai Kowa Ya Isa Gida

Duk wanda yake zaune a bakin hanyar Kano zuwa Katsina ya san kamannin ranar taron masu babura. Tun da hantsi za ka ga jerin gwano ya taso daga Bici da Tsanyawa da Kunci da Bagwai, kowa ya wanke mashin dinsa, wasu sun ɗaura tutar ƙungiya, ana tafe ana danna hon, yara suna ɗaga hannu. Wani lokaci taron zaɓen shugabannin ƙungiya ne, wani lokaci na siyasa, wani lokaci kuma ɗaurin auren ɗan ƙungiya. Tafiyar kan yi kyau, don an tafi tare, da rana, jiki da ƙarfi. Amma dawowar fa? Ita ba mai kallonta, ba mai ɗaukar hotonta, kuma a cikinta ne haɗari ya fi yawa.

Babur jarin gida ne

A ƙasar Bici, inda gona ke manne da gona, ƙauye kuma ba ya nisa da ƙauye, babur ba kayan ado ba ne. Shi ke kai taki gona, shi ke kai buhun gero kasuwar Badume, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Tun lokacin Honda da Suzuki da Yamaha, har zuwan Jincheng da Bajaj Boxer, aikin ke nan da yake yi. Da yawa daga cikin baburan nan bashi ne, ana biya mako-mako. In babur ya lalace, ko mai shi ya karye, gida guda ne ya shiga wahala.

Tarihi ma ya ƙara yawansu a karkara. Ranar 19 ga Janairu 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano, Alhaji Ado Bayero, hari. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana sana'ar acaɓa a cikin birnin Kano. Wasu suka koma A Daidaita Sahu, wasu suka nufi kudu, wasu kuma suka dawo garuruwansu da baburansu. Da Legas ta hana acaɓa a wasu sassanta a 2020 da kuma 2022, wasu 'yan Arewa suka sake dawowa gida. Saboda haka ƙungiyoyin masu babura, irin su ACOMORAN da ƙananan ƙungiyoyin gari, suna da jama'a sosai a ƙauyuka, kuma in an kira taro, daga nesa ake zuwa.

Me ya sa dawowa ta fi haɗari?

Daga Kano zuwa Bici kusan kilomita 40 ne. Wanda ya saba zai ce wannan ai ba tafiya ba ce. Amma mutumin Kunci ko Shanono, in ya iso Bici, bai isa ba tukuna. Akwai sauran hanya a gabansa, wata ma ta burji ce ko turba cikin gonaki. Na Kankiya ko Caranci a Jihar Katsina kuwa, tasa ta fi haka nisa.

Abu na farko gajiya ce. Mutum ya tashi da asuba, ya wuni a rana, ya sha ihu, wataƙila ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan leda da goro. Wani bincike da aka yi a ƙasar Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, hankalinsa kan ragu kamar na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi. To, mai karatu, yi lissafi da kanka. Wanda ya tashi ƙarfe 4 na asuba, ƙarfe 9 na dare ya cika awa 17. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗi na daƙiƙa uku ke nan ya zama tafiyar mita 50 ido a rufe.

Abu na biyu duhu ne. Ba a cika tashi daga taro a kan lokaci ba, don manyan baƙi sukan makara, jawabai kuma su yi tsawo. A watan Nuwamba da Disamba, wajen ƙarfe 6 rana ta faɗi. A daidai wannan lokaci ne hanyar karkara take cika: amalanken shanu marar fitila yana dawowa daga gona, jakuna da kaya, garken tumaki, yara da aka aika, ga shanyar hatsi a gefen kwalta lokacin kaka. Da hunturu hazo ya rufe gaba, da damina ruwa ya ɓoye ramuka. Ga kuma manyan motoci masu haske ido, waɗanda ba su ɗauki mai babur a bakin komai ba.

Abu na uku shi ne warwatsewa. An zo a jere, amma da an shafa addu'ar tashi, kowa sai ya kama gabansa. Samari su shiga tsere, mai tsohon mashin a bar shi a baya. In ya yi faci ko mai ya ƙare masa, shi kaɗai ne a daji. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, ba kowa ke iya cika tanki ba, sau da yawa na zuwa kawai ake sha, na komawa sai abin da hali ya yi. Zama a hanya da dare kuma ba kamar da ba ne. A 2021 gwamnatin Katsina ta taƙaita hawan babur da dare saboda 'yan bindiga, a 2025 kuma an kai hare-hare a wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Mai tura babur cikin dare yana iya gamuwa da ɓarayi, yana kuma iya gamuwa da 'yan sintiri su ɗauke shi a matsayin ɓarawo.

Akwai na huɗu, wanda ba a son faɗa. Wasu sukan haɗiyi ƙwaya irin su taramol wai don kashe gajiya. Ƙwaya ba ta kashe gajiya, ɓoye ta take yi. Tana kuma iya jawo jiri ko jijjiga kamar ta farfaɗiya, mutum yana bisa babur.

Yadda wasu suke yi

Ba mu kaɗai ke taron babura ba. A garin Sturgis na Amurka ana yin irinsa tun 1938, kuma dubban ɗaruruwan mutane ke zuwa a watan Agusta, wasu daga tafiyar kwanaki. Kamfanin Harley-Davidson ya kafa ƙungiyar masu baburansa a 1983. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da tsarin tafiya. Akwai jagora a gaba wanda ba a wuce shi. Akwai gogaggen mahayi a can baya wanda ba ya barin kowa a bayansa, in wani ya tsaya shi ma sai ya tsaya. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa, ana barin tazara tsakanin babur da babur, kuma tun kafin a tashi an san inda za a yada zango.

In an duba, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya barkatai. Suna da madugu, suna da jagaba, suna da zangon da aka sani, kuma aikin madugu bai ƙare ba sai ya dawo da ayari gida. Abin da kakanni suka yi da jakuna, jikoki za su iya yi da babura.

Abin da shugabanni za su yi

Nauyin farko yana kan masu kiran taro. Su sa lokacin tashi, su kuma tsaya a kansa, ko babban baƙo ya zo ko bai zo ba. In an tashi da la'asar sakaliya, na nesa zai isa da sauran haske. A raba jama'a bisa hanyoyinsu: na hanyar Tsanyawa daban, na Kunci daban, na Bagwai da Shanono daban. Kowane rukuni kada ya wuce babura goma, a naɗa masa na gaba da na baya, a ba na bayan famfo da kayan faci da filogi da sifana. A rubuta suna da lambar wayar kowa, kuma shugaban rukuni kada ya kwanta sai ya ji kowa ya isa. In za a ba da kuɗin mai, a ba da na zuwa da na komawa. Wanda dare ya yi masa, a sama masa masauki. Ba garin da za a rasa tabarma da tuwo domin baƙo na kwana ɗaya.

Abin da mahayi zai yi

Kafin ranar taro, a kai babur wurin makaniki, a duba burki da taya da sarƙa da fitilar gaba da ta baya. A ci abinci, a sha ruwa kafin a hau. In barci ya fara fizga, a tsaya a cikin gari inda akwai mutane, a wanke fuska, a huta. Kada a yi goyon mutum biyu ko uku don an ga hanya ɗaya ce. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta sa wa babur iyakar kilomita 50 a awa, kuma akwai dalili: in gudu ya ninka biyu, nisan da burki zai ja kafin babur ya tsaya yakan ninka huɗu. Sauri ya haifi nawa.

Sai batun hular kwano. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta ranar 1 ga Janairu 2009. A lokacin an ruwaito cewa wasu a Kano ƙwarya suka riƙa kifawa a ka don su ruɗi jami'ai. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma bincike ya nuna hular kwano mai kyau, in an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, ta rage na rauni a ka da kusan kashi 69. In haɗari ya faru, lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122. Kada a ciccibi wanda ya bugu a wuya ko a baya da gaggawa, a tallafe kansa, a ɗauke shi a miƙe.

Iyali ma suna da nasu. Uwargida ta tambayi maigida da wa zai dawo, ƙarfe nawa kuma. In ya bugo waya ya ce dare ya yi, kada a matsa masa ya taho. Gara a ga mutum da safe da a je dubiya asibiti.

Ƙungiya ana kafa ta ne don a taimaki juna. Ana tara kuɗi in ɗan ƙungiya ya yi haɗari, ana zuwa ta'aziyya in ya rasu, kuma hakan yana da kyau. Amma zumuncin da ya fi shi ne wanda zai hana a kai ga haka. A taro na gaba, kafin a shafa addu'ar tashi, shugaba ya tambaya: wa ke gaba, wa ke baya, wa zai kwana? Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.