Ledar naɗe kaya a hannun fataken Kudu: inda take riba, inda take ɓarna

Igiya da tamfol su ne abin da ɗan dako ya sani tun da can. Yanzu kuwa, daga tashoshin lodi na bakin gadar Anacha zuwa sito-siton Trans-Amadi a Fatakwal, kwalaye na fita ne a nannaɗe cikin farar leda mai miƙewa, wadda ke manne wa kanta ba tare da gam ba. Daga kamfanoni ta samo asali, inda ake jera kaya a kan katakon falet domin motar ɗaga kaya ta kwasa, kamar yadda ake yi a tashar jiragen ruwa ta Onne. Daga nan ta gangaro kasuwa.

Dalilin farko ruwan sama ne, don damina a Fatakwal tana cinye mafi yawan shekara, kwali kuma da ya jiƙe ya tashi aiki. Amma babban dalili shi ne amana. Mai sayen kaya a babbar kasuwar Anacha ba ya bin tirela zuwa Kano kamar da. Yakan biya kuɗin mota ne ya jira a gida. Idan kaya suka iso ledarsu a farke, an san an taɓa su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tafiya ya ƙara tsada, aiken kaya ya yawaita, leda ta samu kasuwa.

Sai dai ba kowa ya iya saye ba. Ana auna kaurinta da maikuron, ta naɗin hannu kuma galibi tsakanin 17 da 23 take. Mai rahusa takan zo da bututun kwali mai kauri a ciki, nauyi ya cika, leda ta yi kaɗan. Naɗin ma da ƙa'ida: daga ƙasa ake farawa, a haɗa da katakon kansa, kowane zagaye ya hau rabin na baya, a kuma ja ta sosai. Wanda ya naɗe saman kawai, ado ya yi wa kayan, ramin farko a hanyar Inugu zai watsar da su.

Inda take ɓarna shi ne kayan da suka fi shafar Bahaushe. Albasa da attarugu da tumatir masu zuwa daga Arewa suna buƙatar iska. A rufe su cikin leda, zafi ya taru, su yi gumi, kafin a kai Inugu sun fara ruɓewa. Busasshen kifi ma yakan yi fumfuna. Nan kwando da buhun raga ba su da na biyu.

Ga kuma shara. Sau ɗaya ake amfani da ita, ba ta da nauyin da zai ja hankalin 'yan bola jari, don haka a kwata take ƙarewa, a garuruwan da ambaliya ta riga ta dama. Jihar Legas ta hana robar zuba abinci ta kumfa a 2024, kuma ba mamaki wasu jihohin su waiwayi leda. Ya kamata shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa su ware wurin tara ta a kowace tashar lodi, don a haɗe da yawa ne masu narkarwa ke saye.