Daga Mississippi zuwa Gangara: Wa zai naɗi kiɗan masu gurmi kafin su ƙare?

A shekarar 1963 wani matashi mai sha'awar tsofaffin fayafai, Tom Hoskins, ya isa ƙauyen Avalon da ke jihar Mississippi ta Amurka yana neman wani makaɗi da mutane da dama suka ɗauka ya mutu. Ya tarar da shi da ransa, yana aikin gona. Sunansa John Hurt, wanda kamfanin Okeh ya naɗi waƙoƙinsa a 1928, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa har shekara 35.

A wannan shekarar aka ɗora dattijon a dandalin bikin kiɗa na Newport, ba ganga, ba 'yan amshi, daga shi sai jitarsa ta katako. Ya rasu a 1966, amma shekara ukun nan sun isa a adana kiɗansa.

Salon nasa shi ne kaɗa jita da yatsu: babban yatsa yana riƙe da manyan tsirkiyoyi, yana kaiwa yana komowa kamar dakan mata biyu a turmi ɗaya, sauran yatsun kuma suna fitar da karin waƙar. Blind Blake, makahon da ya yi fayafai tsakanin 1926 da 1932, da wannan dabarar ya ɗauko kiɗan ragtime daga fiyano ya mayar da shi kan jita. Hotonsa ɗaya tak aka sani a duniya.

Bahaushen da ya taɓa zama gaban mai gurmi ko mai molo ba zai ji wannan kiɗa baƙo ba. Masana ma sun lura. A littafinsa na 1999, Africa and the Blues, Gerhard Kubik ya danganta wasu siffofin kiɗan blues da yankin da ƙasar Hausa take ciki, har ya kwatanta rerawar wani Bahaushe mai goge da ya naɗa a Kamaru da ta mawaƙan Mississippi. Banjo kuwa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa ta da ƙwarya da fata, kamar yadda ake haɗa gurmi.

To ina namu makaɗan? A ƙauyukan Gangara da ke gundumar Gazawa, kusa da iyakar Najeriya, da na Agye da Gidan Rumji, kaka ita ce lokacin kiɗa. Idan gero ya shiga rumbu sai bukukuwa da kokawa su kankama. A da, mai garaya yana da maharba da 'yan bori, mai gurmi da mai molo suna da dandali da gidan biki. Yau kuwa mai biki ya fi ganin sauƙin hayar lasifika da janareto, a sa waƙoƙi daga waya. Makaɗin da ba a kira ba, ba zai samu na cefane ba, ɗansa kuma ba zai ga dalilin gadonsa ba.

Waɗanda aka naɗa sun tsira. Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya rasu a 2015, amma har gobe ana sauraronsa. Malam Mamman Barka, malamin makarantar da ya yi suna da gurmi a Nijar, ya je bakin tafkin Chadi ya koyi biram wajen dattijo Bukar Tar lokacin da kayan kiɗan ke dab da ɓacewa, sannan ya kai shi Turai kafin rasuwarsa a 2018. Makaɗin ƙauye da bai taɓa shiga gidan rediyo ba, ranar da aka binne shi an binne kiɗansa.

Matasan Maradi da Yamai da Kano sun san Bombino da Mdou Moctar, 'yan Nijar da suka cika dandalin Amurka da jita. Hoskins sai da ya yi doguwar tafiya da na'urar naɗar murya. Ɗan Gangara da ke ci-rani a Legas ko Agadas, idan ya dawo gida da kaka, na'urar tana aljihunsa. Abin da ya rage shi ne ya nemi izinin dattijon, ya biya shi hakkinsa, ya rubuta sunansa da garinsa da wanda ya koya masa, sannan ya danna naɗi.