Daga Ina Ruwan Damina Yake Zuwa?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dambatta ko Bichi ko Kunchi, inda gona ke manne da gona har da wuya a ga saurar da aka bari ta huta, ya san hadari daga gabas yake tasowa, kuma a kan wannan hujja ce jama'a da dama, har da waɗanda suka yi nisa a karatu, suka ɗauka shi kansa ruwan daga gabas yake. Wannan kuskure ne da ya daɗe a bakin mutane, alhali tambaya guda ta isa ta rushe shi: wane bahar ne a gabas da mu da zai shayar da gero da dawar ƙasar Hausa baki ɗaya? Tafkin Chadi, wanda tun shekarun 1970 ya ƙanƙance ƙwarai, ai bai isa ba.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, ruwan nan daga Tekun Atlantika yake, fiye da kilomita 800 kudu maso yamma da Kano. Rana takan dafa fuskar teku, ruwa ya tashi ya zama tururin da ido ba ya gani, sa'an nan idan bazara ta tsananta, ƙasar arewa ta ɗau zafi, iska mai laima ta kwararo daga teku ta ƙasa-ƙasa, tana zubar da wani a dazuzzukan kudu, itatuwa suna mayar mata da shi, har ta iso mu wajen watan Mayu. Manomin da ya lura iska ta juya, dare ya yi gumi, ya fita ya yi binne tun ba a ga ɗigo ba, wallahi ya fi mai gardamar gabas fahimtar sararin samaniya, domin abin da jikinsa ya ji shi ne isowar tururin teku. Amma a can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ce ke kora hadarin bayan ya haɗu, shi ya sa muke hango shi ta gabas.

Yadda girgije ke haɗuwa kuwa ba ya bukatar dogon sharhi: iska ta hau sama, ta yi sanyi, tururi ya koma ɗigo a jikin ƙwayoyin ƙura.

Abin da ya fi cancantar tunani shi ne aikin wannan tururi ko ba a yi ruwa ba. Me ya sa asubahin Janairu ke sa mutum makyarkyata, alhali da azahar rana na nan da zafinta? Mutane sukan ɗora laifin a kan hazo, har wasu su kira shi gajimare, bayan kuwa ƙura ce tsagwaronta da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Dalilin sanyin shi ne bushewar iska. Tururi kamar bargo yake ga ƙasa, yana tare zafin da take saki da dare, kuma babu wani abu a cikin iska da ya kai shi yawan wannan aiki. Ba don shi da 'yan uwansa masu tare zafi a cikin iska ba, da matsakaicin zafin duniya ya sauka daga digiri 15 sama da sifili zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, wannan kuwa hikima ce ta Ubangiji abar lura. Gizagizai su kuma aiki biyu suke yi, da rana su mayar da hasken rana sama, da dare su riƙe ɗumi, dalilin da ya sa yinin marka a Agusta ke da sanyi, darensa kuwa ba ya cizo.

Masana sun ƙididdige cewa duk digiri guda da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururi kashi 7 cikin 100, saboda haka ɗumamar duniya na nufin mamakon da ke rusa gidan ƙasa ya ƙaru. Akasin haka ma an gani: a farin 1973 da na 1984 iskar teku ta yi rauni, damina ta gajarta, gero ya bushe a tsaye daga Dambatta har Maraɗi, ko da yake a shekarun nan ma hadari bai daina tasowa daga gabas ba, sau da yawa ya watse da guguwa kawai.