Mai Jinya da Al'adar Majinyaci

A shekarar 1992 hukumar kula da aikin jinya ta ƙasar Niyu Zilan ta ƙara wani darasi cikin jarrabawar da ɗaliban jinya da ungozoma ke zaunawa kafin a ba su lasisi. Darasin ya shafi yadda majinyaci ke ji a hannun mai jinyar da ba al'adarsu ɗaya ba. Wadda ta tsaya kai da fata a kan haka ita ce Irihapeti Ramsden, ma'aikaciyar jinya daga ƙabilar Maori, 'yan asalin ƙasar, waɗanda cuta da ƙarancin shekaru suka fi addaba fiye da Turawan da suka zo suka tarar da su.

Tun a shekarun 1950 wata ma'aikaciyar jinya, Madeleine Leininger, ta fara kiran a riƙa kula da al'adar majinyaci a Amurka, har ta kafa ƙungiya a kansa a 1974. Sai dai Ramsden ta ƙi yarda a riƙa haddatar da ɗalibai jerin al'adun ƙabilu. A wurinta, ɗaliba ta fara duban kanta: tarbiyyar gidansu, abin da take ƙyama, da ikon da farin kaya ke ba ta a kan wanda ke kwance. Kuma majinyacin ne zai ce an mutunta shi ko ba a mutunta shi ba. A ganina nan ne gaskiyar take, domin ko 'yan gida ɗaya ba su riƙe al'ada iri ɗaya ba.

Mu ma muna da inda za mu gwada wannan. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa. Ɗalibar da ta ce wa mai jego, "Ki daina, camfi ne," za ta ji an amsa mata da "to" saboda kunya, a koma gida a ɗora tukunya. Wadda aka horar da kyau tambaya take yi: wa ke yi miki wankan? Sai ta nemi tsohuwar, ta gaishe ta da ladabi, ta ce, "Inna, ƙafarta na kumbura, numfashi na yi mata wuya," sannan su zauna su daidaita a kan zafin ruwan da yawan kanwar. Wannan zaman shi ya kamata malamai su riƙa sa ɗalibai su gwada a aji, a kuma ba su maki a kansa.