Mutum Zai Iya Zaɓar Allah da Ikon Kansa? Amsar Martin Luther

A shekara ta 1524, masanin nan Erasmus na Rotterdam ya rubuta cewa mutum yana da ɗan rabo a cikin cetonsa: alherin Allah ne yake yin babban aikin, amma nufin mutum yana iya karɓa ko ya ƙi. A 1525 Martin Luther ya ba shi amsa cewa tun faɗuwar Adamu nufin mutum bawan zunubi ne, bawa kuwa ba ya 'yantar da kansa.

Wannan ba ya nufin mutum ba shi da zaɓi sam. Shaidar Bangaskiya ta Augsburg, wadda Philip Melanchthon ya tsara a 1530, ta raba batun gida biyu a sashe na 18. A harkokin duniya, kamar noma, aure da bin doka, mutum yana da 'yancin zaɓi. Amma tsoron Allah da bangaskiya ta gaske, sai Ruhu Mai Tsarki ya dasa su a zuciya ta wurin Maganar Allah.

Me ya sa Luther ya dage haka? Domin tabbacin ceto. Da a ce ceto ya rataya a kan ƙoƙarinmu, kullum sai mu yi ta tambaya ko mun yi abin da ya isa. Tun da yana hannun Allah, lamiri ya sami hutawa. 'Yan'uwa, ku karanta Afisawa 2:1-9.